Ruwan Zafin Mama Abuk

Da 'yata ta fari ta haihu a watan jiya, na tashi tun asuba na ɗora tukunya, na sa aka karyo mini ganyen darbejiya, na ɗaura zani na tsaya ƙofar banɗaki ina jiranta. Ta fito da waya a hannu, ta dubi tururin, ta dube ni, ta ce, "Mama, likita fa ya ce ruwa mai ɗumi ya isa." Ban tanka mata ba, don na san halina, in na buɗe baki sai maƙwabta sun ji. Da hannuna na sirka ruwan har ya koma irin wanda ake wanke wa jariri fuska da shi, na miƙa mata. Da na koma ɗaki na zauna, sai na tarar ba haushinta ne ya cika mini ciki ba. Wata mata na tuna, doguwa, baƙa wuluk, wadda ta yi mini nawa wankan jegon a wani bene a Alkahira, lokacin da ita wannan mai wayar ba ta fi tsawon hannuna ba.

Ban fi shekara da aure ba na bi mijina, Malam, zuwa Masar inda yake karatun addini. Mun kama haya a unguwar Faisal, a hawa na huɗu, matakala duhu da warin tafarnuwa. Ni da na tashi a gidan da kukan shanu ke tayar da mutum, sai ga ni ina farkawa da ƙarar mai sayar da gas yana ƙwanƙwasa tukunyarsa da ƙarfe tun daga bakin layi. Bayansa mai sayen tsofaffin kaya ya biyo da jakinsa yana jan murya, can babban titi kuma masu ƙananan motoci suna ta kiran fasinja, Giza, Giza. In lokacin salla ya yi, masallatan unguwa su ɗauka gaba ɗaya, kowane ladan da nasa saurin, har ka rasa wanda za ka amsa wa. Matan bene ba sa sauka sayen tumatir, kwando suke zurarowa da igiya daga baranda, mai kaya ya zuba su janye. Wannan kam a mako guda na iya shi, don ya dace da ƙyuyata. Abin da na kasa koya shi ne zama ba daka. Na zo da ɗan turmina daga gida, ranar da na fara daka yaji matar da ke ƙasanmu ta dinga zungurar silinta da sanda tana zazzaga Larabcin da ban gane ko kalma ba, sai dai na gane ba addu'a take yi mini ba. Bara da na raka Malam Alkahira ganin likitan ido na sa direba ya bi da ni ta layin. An ɗora wa benen hawa uku, kwando ɗaya tak na hango a baranda, yara kowa kansa a sunkuye a kan waya. Ban ma sauka daga motar ba.

Turmin nan ne ya kai ni rufin bene, inda ake shanya, a can kuma na haɗu da Mama Abuk. Ɗaki guda ne na bulo a kusurwa, ita kaɗai a ciki. 'Yar kudancin Sudan ce, Kirista, da gicciyen katako a wuya, haƙoranta na ƙasa babu, an cire su tun tana yarinya bisa al'adarsu. Ta tsaya tana kallon yadda nake daka, sannan ta karɓe taɓaryar ta ce, "Ya binti, 'yar nan, yajin kike lallashi?" Kafin in gama jin haushi ta mayar da shi gari. Shara da goge-goge take yi a gidajen ma'aikatan jakadanci a Zamalek, ta fita da sassafe ta dawo da la'asar. Larabcinta a karye, nawa bai ma tsaya ba balle ya karye, amma mun fahimci juna. Ita ta nuna mini inda ake samun dawa da busasshiyar kuɓewa, ita ta koya mini yadda ake yi wa mai nama tsawa in ya cika ƙashi. Ban taɓa tambayarta abin da ya kawo ta ba. Ana yaƙi a ƙasarsu, kowa ya sani, unguwa cike take da mutanensu, na ɗauka wannan sanin ya isa.

Ran Juma'a in an sauko daga masallaci falonmu ne majalisa. Ɗalibai abokan Malam su cika shi, da wani Alhaji mai sayar da turare, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka taso aikin hajji a ƙafa suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Su kunna rediyo, in an gama labarai a shiga musu. A wancan lokacin maganar bayi ce ke tashe. Ana cewa mahara na faɗa wa ƙauyukan kudancin Sudan suna kwashe mata da yara, su kai su arewa kiwo da aikin gida. Shugaban da ke mulki a babban birni da mutanensa suna cewa ƙarya ce, rikicin makiyaya ne da aka saba tun kaka da kakanni. Madugun 'yan tawaye da ke daji yana cewa bauta ce tsagwaronta. Alhaji yakan buga cinya ya ce, "Wallahi sharri ne, ya jama'a! A ƙasar aka haife ni, ban taɓa ganin an kai mutum kasuwa ba." Wani ɗalibi ya ce, "To Alhaji, ka taɓa zuwa kudun?" Malam kuma sai ya miƙe ya ɗauko littafi ya fara karanto sharuɗɗan da malamai suka gindaya, sai ka ce mahara da littafi suke yawo a aljihu. Haka za su yi ta yi har la'asar, wannan ya yabi shugaban birni, wancan ya ce na dajin ya fi shi kan gado, shayi na ƙarewa ina sake ɗorawa. Mama Abuk ba ta zuwa aiki ran Juma'a, takan sauko ta taya ni wanke kofuna. Rabin musun da Larabci ake yin sa, tana ji sarai, amma ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai ta ƙara buɗe famfo. Ni kuwa a lokacin sukarin da suke ƙarar mini ne ya dame ni.

Da ciki ya tsufa na so in koma gida goyon ciki kamar kowace mai haihuwar fari, hali bai yi ba. Na haihu a wani ƙaramin asibiti, aka sallamo ni washegari, na hau matakalar nan ina hawaye. Ba ciwo ne ya sa ni kuka ba, sanin da na yi ne cewa babu Inna a sama, babu gwaggo, babu mai ɗora mini ruwa. Gari na wayewa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama Abuk ce, da babbar tukunya a ka, da damin ganyen kafur, madadin darbejiya, da ta karyo a bakin magudanar ruwa. "Mu ma muna yi," ta ce. "Yalla, tuɓe." Duk wadda ta yi wankan jego na gaskiya ta san abin da nake nufi, a tsoma ganye a ruwan da ya tafasa a fyaɗa miki a baya da ciki har ki ga taurari da rana. Ina ihu tana cewa, "Ihun banza. Uwarki ta sha, kakarki ta sha, ke wace ce?" In an gama ta dama mini kunu da kanwar da na zo da ita daga gida, ta tsare ni sai na shanye, sannan ta ruga ta kama motar Zamalek. Ta wuni a durƙushe tana goge daɓen mutane, ta dawo da la'asar ta sake ɗora tukunya. Ba dangin iya ba na baba, alƙiblarmu ma ba ɗaya ba.

Ƙawata ta kusa a lokacin Falmata ce, matar wani ɗalibi, Babarbariya daga Borno, da zane reras a kumatunta. Ni kuwa Bafulatana ce, ko da yake Hausa ta cinye Fulatancina tun ina ƙarama. Wanda ya san mu ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, gadonsa muka yi, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. In ta shigo sai ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ina baiwata? Zo ki cire mini takalmi." Ni kuma in ce, "Da ƙwaryar nono guda kakana ya sayi kakanki, kuma har ya mutu yana cewa an cuce shi." A gida wasan nan kashe faɗa yake yi, na taɓa ganin ya raba dattawa biyu da suka kusa dambe a kan iyakar gona. A ƙasar baƙunta kuwa shi ne ke sa mu ji kamar muna tsakar gidanmu. Da Hausa muke yin sa, Mama Abuk dariyarmu kawai take gani, ita ma ta taya mu.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya suna da safe, maza suka ci abinci suka watse, mata suka cika ɗaki. Da hantsi Falmata ta sunkuci jaririyar daga kan gado ta ɗaga ta sama ta ce, "Alhamdu lillahi, an ƙara mini baiwa!" Ta saɓa ta a kafaɗa ta nufi ƙofa tana rangwaɗa. "Sai an fanshe ta da goro da man shanu. In ba haka ba Borno za ta, ta yi mini shara." Ɗaki ya kaure da shewa. Mama Abuk ta fito daga kicin da faranti cike da kofuna, tana murmushi, ta tambaye ni me ake wa dariya. Ni kuwa da rawar kai, ina son mata su ji Larabcina ya fara nuna, sai na fassara mata tsaf, ban bar ko kalma ba. Na ce ta kama 'yata baiwa, za ta tafi da ita garinsu ta yi mata shara, sai mun kawo fansa. Ina faɗa ina riƙe ciki.

Farantin ya faɗi. Ban san matar nan na da sauri haka ba, kafin Falmata ta kai ƙofa ta riga ta, ta jingina bayanta da ƙyauren ta ware hannuwa, ta daka wata tsawa da yarensu. Ba fizgar yarinyar ta yi ba, hannun Falmata ne ya saki da kansa. Ta taka fasassun kofuna ta zo ta ajiye mini ita a cinya, ta kamo hannuwana biyu ta danna a kanta har sai da na ji zafi.

"Kina dariya," ta ce. "Ana ɗaukar 'yarki kina dariya."

Ta fita, muka ji hawanta sama. Mata suka fara cewa ma'alish, a yi haƙuri, ba ta san wasa ba ne, ni ma na biye musu, har da jin haushi wai ta kunyata mini baƙuwa a gaban jama'a. Da la'asar ba ta zo ba, washegari ma haka. Na ce oho, ruwa ne dai, ba sai da ita ake tafasa shi ba. Malam ya karɓi aikin, bawan Allah, ya ɗumama ruwa kamar na alwala, ya tsaya bayan ƙofa yana tambayata ko ya isa. Jikina ya yi tsami, amma ba shi ya karya ni ba. Na san takunta a matakala, da safe in ji ta sauko ta wuce ƙofarmu, da la'asar in ji ta hawo ta wuce, ko tsayawa shan iska ba ta yi a hawanmu kamar da. Ran kwana na biyar Falmata ta zo idanunta a kumbure ta ce, "Ki hau ki same ta. Ni ba zan iya haɗa ido da ita ba." Mai jego ba ta fita sai ta yi arba'in, na faɗa wa Malam haka. Ya shafa gemu ya ce, "Rufin bene ai ba waje ba ne." Cikin duk fatawowinsa wannan ta fi yi mini amfani.

Na naɗe yarinya a tawul na hau. Na same ta zaune ƙofar ɗakinta tana yanka kuɓewa tana bazawa a kan buhu. Na durƙusa kamar yadda nake durƙusa wa Inna, na shiga bayani, wasa ne, al'ada ce, Falmata ta fi kowa son yarinyar. Ta bar ni na gama, wuƙa ba ta tsaya ba.

"'Yata shekararta bakwai," ta ce. "Da safe na aike ta ta kai wa ubanta abinci wurin shanu. Ina cikin gonar dawa suka zo a kan dawakai. Ubanta suka fara harbewa. Na ga wani ya sunkuce ta ya saɓa a kafaɗa, kamar yadda ƙawarki ta yi. Tana kirana. Ban amsa ba, don ƙaninta na goye a bayana, in na yi motsi za su juyo. Shi ma bai kai ƙarshen hanya da rai ba." Ta tura kuɓewar gefe da bayan wuƙa. "Ina jin mazanku ran Juma'a. Wancan na birni ya ce babu bayi. Namu na daji ya ce akwai, yana ta faɗa wa Turawa, alhali shi ma mutanensa sun ɗauke ɗan ƙanwata sun ba shi bindiga. Kowa da abin da yake nema da maganar. Babu wanda ya taɓa tambayata sunanta."

Sai ta juyo ta dube ni a karo na farko ta ce, "Wasan nan naku, daga ina ya samo? An taɓa sayen mutum a gidanku?"

Har na buɗe baki zan ce a'a sai na tuna Iya, wata tsohuwa tukuf a gidan kakana, wadda ta yi wa iyayenmu wanka ta yi mana. Ba ta da ɗan'uwa ko ɗaya da ke zuwa gaishe ta da salla, ba wanda ya san garinsu. In Barebari sun zo gidan aka fara wasan, kowa na dariya, ita sai ta tashi ta ce bari ta duba wuta. Shekara da shekaru ina ganin haka ban taɓa haɗa biyu da biyu ba, sai a kan rufin nan. Na faɗa wa Mama Abuk.

"Wane suna uwarta ta sa mata?"

"Iya muke ce mata."

"Ban tambaye ki abin da kuke ce mata ba."

Ban sani ba, kuma na san duk gidanmu babu wanda ya sani. Ta gyaɗa kai ta ce, "Abin da nake tsoro ke nan. Yanzu da wani suna suke kiranta, tana amsawa."

Na ce, "Mama, yaya sunanta?"

"Acol," ta ce. Ta sake faɗa a hankali don in iya, na maimaita sau uku kafin ta yarda ya fita daidai. Nan wata dabara ta zo mini, na ga kamar na samo abin da zai wanke ni. Sunan mahaifiyar Malam aka sa wa yarinyar, ba zan iya kiransa ba don kunya, kuma har ranar ba mu tsayar mata da laƙabi ba. Na ce to bari mu dinga kiranta Acol, kullum a ji sunan a gidan nan, safe da yamma. Na zaci za ta rungume ni.

"A'a," ta ce. "Sunan yana da mai shi. Tana nan da ranta, za ta buƙace shi." Ta ɗauki wuƙarta. "Khalas, shi ke nan, sauka. Iska na dukan yarinya."

Na sauko ban san matsayina ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Washegari da sassafe na ji takunta ya sauko, ya zo hawanmu, ya tsaya. Ta shigo da damin ganye ko gaisuwa babu, ta tsoma yatsa a ruwan da Malam ya ɗora, ta ja tsaki ta ce, "Wannan shayi ne?" Ta ƙara wuta har tukunya ta dinga tsalle. Ban taɓa shan zafi irin na ranar ba, kuma ban yi ihu ko sau ɗaya ba. Ta cika mini arba'in, ta ɗora da kwana biyar ɗin da suka wuce. Ana cikin haka wata rana Falmata ta zo ta raɓe a bakin ƙofa kamar marainiya. Mama Abuk ta gama shafa wa yarinya mai, ta dube ta tun daga sama har ƙasa, sannan ta miƙe da kanta ta ɗora mata ita a hannu ta ce, "Riƙe kan da kyau."

Bayan wasu shekaru shugabannin nan biyu suka zauna teburi ɗaya suka sa hannu, aka nuna su suna musabaha suna dariya. 'Yan majalisar falonmu suka yi ta murna, kowa na cewa dama shi ya faɗa. Mama Abuk kuwa ta raba 'yan kayanta ga maƙwabta, ta bi masu komawa kudu, ta ce za ta bi ƙauye ƙauye tana tambaya. Ba ta da waya, ba ta iya rubutu ba, mu ma ba mu daɗe ba muka dawo gida. Daga ranar ban sake jin ɗuriyarta ba. Ni da Falmata har yau muna tsokanar juna, ni in ce miyarta ta cika gishiri, ita ta ce Fulani rowa, amma waccan kalmar ba ta sake fita daga bakin ɗayanmu ba, kuma ba mu taɓa zama muka yi shawarar haka ba.

Na gode wa Allah da ya haɗa ni da matar nan ina da sauran ƙuruciyar da za a gyara. Ta gasa mini jiki lokacin da ba ni da kowa, ta dawo ƙofata bayan na yi dariya a kan ciwon da ya fi kowane ciwo a rayuwarta, ban kuma taɓa yi mata abin da ya kai ko rabin wannan ba. In na idar da salla ina da jeri biyu na mutanen da nake yi wa addu'a. Na farko waɗanda suka riga mu, ina roƙa musu rahama, akwai Inna, akwai Iya, ita nakan ce Allah kai ka san sunanta na gaskiya. Na biyu masu rai, ina roƙa musu lafiya da komawa gida. A nan nake sa Acol. Yanzu ta haura arba'in. Uwarta ta ce tana nan da ranta, ni kuwa ban isa in musa wa matar nan ba.